Karen Maman Chidi da Farar Shaddata

Kubwa, Abuja

Zuwa ga 'yata Asma'u,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Uwata, ina gaishe ki da kyau, ina roƙon Allah ya sa ki buɗe wannan takarda kina cikin ƙoshin lafiya. Allah ya kai ki garin Lafiya lafiya, ya sa ki shiga sabon aikinki da ƙafar dama, ya tsare ki daga sharrin hanya da na masu bin ta.

Na san za ki yi dariya. Za ki ce mutumin da kuka yi shekaru kuna karin kumallo a tabarma ɗaya, yau shi ne da rubuta wasiƙa, har da cusa ta cikin takardun mota. To, akwai maganar da ba na iya yi ido na kallon ido, ko da idon na 'yar da na haifa ne. Babarki ta riga ta yi miki nata wa'azin, na salla da na abinci da na ƙawaye, har da na man shafawa. Ni nawa a kan kare ne.

Kin tuna Malam Isa mai tsire, wanda teburinsa ke jikin katangar maƙwabciyarmu Maman Chidi lokacin kina 'yar firamare? Kin sha ba mutane labarin yadda aka yi masa sharrin kashe kare, aka kama shi, babanki ya tashi ya je ya yi belinsa. Ko ranar walimar gama karatunki na ji kina ba ƙawayenki, kina wani ɗaga kai. Rabin labarin kike bayarwa. Ɗaya rabin yana wurina, kuma ba na so in miƙa miki makullin mota ban miƙa miki shi ba.

Bari in fara da garin, don ba wannan Abujar da kika sani ba ce. An dawo da ni daga ofishinmu na Kaduna a farkon mulkin farar hula, lokacin da garin nan yake tashi kamar ƙullin da aka zuba wa yis. Ko'ina tifa, ko'ina jar ƙasa, ko'ina leburori da kwanon kankare a ka. Ka tafi gida hutun Salla ka dawo, sai ka tarar gonar dawar da kake kwatance da ita ta zama bene. A bayan layinmu akwai itatuwan yazawa da kuke zuwa kuna ɓata rigunanku da ruwanta, yanzu wurin shaguna ne. Da sassafe mu yi layin bas zuwa sakatariya, kowa da fayil a hammata da sabuwar wayar hannu a ƙugu, ko ba a kira ba sai an ciro ta an duba. Wallahi ina kewar lokacin nan. Ba mu da yawa a layin, kuma kowa baƙo ne, don haka kowa ya riƙe maƙwabcinsa hannu biyu. Hausa ce ta haɗa mu, kowa da irin tasa. Maman Chidi, wadda ta koyi tata a barikin soja, kullum sai ta leƙo ta katanga ta ce, "Oga Haruna, kin tashi lafiya?" Na yi wata uku ina gyara mata, daga baya na haƙura na zama mace.

Mijinta tsohon soja ne. Ya bar aiki yana saje, ya ce tunda an hana shi girma shi zai ba karensa, ya sa masa suna Manjo. Da mutumin ya rasu, karen ne ya rage mata. Takan zauna a baranda tana yi masa magana da yarensu, shi kuma ya ɗora kai a ƙafarta yana saurare. Ni a lokacin abin haushi yake ba ni. Nakan ce wa babarki ta dubi mace da hankalinta tana hira da najasa.

Malam Isa kuwa daga wani ƙauye ya zo a ƙasar Katsina, da wuƙarsa da ragar gashinsa. Maman Chidi ce ta ba shi wuri a jikin katangarta, ta ja masa wayar wuta daga gidanta ya maƙala ƙwan lantarki ɗaya. Tsirensa babu irinsa a Kubwa, ni shaida ne, ke ma shaida ce, don kullum sai ya ajiye miki 'yar hanta. Amma shi da Manjo ba sa ga maciji. Wata rana karen ya sure masa tsoka guda daga kan tebur, Malam Isa ya bi shi da itacen wuta yana rantsuwa wata rana sai ya karya shi. Duk layin sun ji, duk mun yi dariya.

A shekarar ne na sayi motata ta farko, 'yar Kwatano ruwan toka. Uwata, ban taɓa wauta irin ta watannin nan ba. Na daina fita da wuri, tunda ai ina da mota. Abin da zan tashi in yi cikin natsuwa sai in bar shi har lokaci ya ƙure, sannan in ce taya za ta rama min. Wannan ne kuskurena na farko, kuma daga cikinsa sauran suka fito. Mota ba ta ƙara wa mutum lokaci. In kin makara kin makara, ki kira su ki gaya musu, ki tafi a hankali. Balle cikin unguwa, inda akuya da kaza da ɗan mutum duk suke ganin titin nasu ne.

Wata Juma'a ce, ina hutu a gida. Na sa sabuwar farar shadda da tela ya kawo min ranar Alhamis, na yi alwala, na fesa turare, na tsaya gaban madubi har na ji lasifika ta ɗauki huɗuba. So nake in je babban masallacin da manyan ofishinmu ke zuwa, a ga shaddar, a ga motar. Layin shiru, maza duk sun wuce. Na sha kwanar gidan Maman Chidi da gudun da bai kamata ba, sai na ji ƙum a ƙarƙashin mota, sannan kukan kare.

Na taka birki. Wannan kam na yi. Na buɗe ƙofa, na sauke ƙafa ɗaya. Manjo yana tsakiyar titi yana jan ƙafafunsa na baya, jini na fita ta hancinsa, yana neman ya kai inuwar katanga. Da ransa. Akwai likitan dabbobi a bakin babban titi, tafiyar da ba ta kai minti biyar ba, kuma na san da shi. Sai na dubi rigata. Na ce a raina kare ne fa, najasa ne, ga ni da alwala, in na taɓa shi sallata ta tafi. Na mayar da ƙafata, na ja ƙofa, na tafi. Na samu raka'a biyu cif, har na zauna na yi doguwar addu'a bayan sallama.

Ki ji wannan da kyau. Duk abin da kika buge da mota, ki tsaya. Ki gyara tsayuwa a gefen hanya, ki kunna fitilun gefe su riƙa ƙiftawa, ki fito ki duba. In dabbar na da rai, kada ki kai hannu kusa da bakinta, don cikin zafin ciwo ko mai ita za ta iya cizo. Ki lulluɓe ta da buhu, na sa miki biyu a but ɗin motar, ki nemi mai ita, ki nemi likita. Ki ɗauki hoton wurin da wayarki. In kuwa kika ga mutane sun taru da fushi kuma ke kaɗai ce, kada ki tsaya musu da kowa, ki wuce kai tsaye caji ofis mafi kusa ki faɗi abin da ya faru. Wannan ba gudu ba ne. Gudu shi ne abin da na yi.

Da na dawo na tarar layin ya cika. Manjo ya mutu a gindin katanga. Maman Chidi ta dawo daga kasuwa, tana zaune a ƙasa, ɗankwalinta a gefe. Malam Isa yana tsaye, gaban rigarsa ta Juma'a jina-jina. Ashe shi ya ɗauke karen daga titi ya kai shi inuwa, ya kawo masa ruwa, har jam'i ya wuce shi. Yana ta cewa, "Madam, wallahi mota ce ta buge shi, ni taimakonsa na yi."

Ita kuma tana cewa, "Wane mota? Ina mota? Ba kai ce ka ce za ka karya shi ba? Kowa ya ji!"

Aka tambaye shi wace mota ce. Ya sunkuyar da kai ya ce shi dai mota ce.

Ina tsaye da sallaya a kafaɗa, sai Maman Chidi ta juyo ta ce, "Oga Haruna, ke mutumin kirki ne. Faɗa min gaskiya, ba ta rantse za ta karya shi ba?"

Na ce, "Madam, a dai yi haƙuri."

Abin da ya fito daga bakina ke nan, ba daɗi ba ragi. Na shige gida, na ɗauki bokiti na wanke gaban motar da kaina da rana tsaka, har babarki tana yi min tsiya wai na fi son motar da ita. Kafin la'asar 'yan sanda sun zo sun tafi da Malam Isa.

Ban yi wa kowa ƙarya ba ranar, kuma da wannan na daɗe ina lallashin kaina. Ban ce shi ya kashe ba. Amma laifi in ya rasa mai shi ba ya zama a ƙasa, sai ya hau kan wanda ya fi kowa rauni a wurin. Ki tuna wannan a titi, ki tuna shi a ofis. Duk ranar da kika ga ana tuhumar wani da abin da kika san naki ne, ki buɗe baki a nan take, tun kunyar tana ƙarama.

Kwana biyu ya yi a tsare. Ranar Lahadi na ɗauki hula, na rataya katin aikina na tafi caji ofis da niyyar in faɗi komai. Allah ya sani da niyyar na fita. Ina shiga, ɗan sandan da ke kan kanta ya ga katin ma'aikata a wuyana ya miƙe ya ce, "Oga, sannu da zuwa, me za a yi maka?" Girman nan ya yi min daɗi, na kasa zubar da shi. Na ce na zo belin maƙwabcina ne. Na ciro biro na sa hannu. Kafin magariba layin ya ɗauka, Oga Haruna ɗan halak ne, Oga Haruna mai taimakon talaka. Ni kuma ina amsa gaisuwa ina cewa ai ba komai, yi wa kai ne.

Maman Chidi ta janye ƙara, amma ta cire wayar wutarta, ta ce ya ɗauke teburinsa. Ya koma can ƙarshen layi. Sai wata magana ta ɓulla, ban san daga bakin wa ba, wai mutumin da aka kama da jinin kare a riga wa ya san naman da yake gasawa. Kin san abin da wannan ke nufi ga mai tsire. Masu saye suka ɗauke ƙafa ɗaya bayan ɗaya. Bai ƙara wata biyu ba ya bar Kubwa. Da zai tafi har gida ya zo ya yi min sallama, ya durƙusa ya ce Allah ya saka min. Uwata, kada ki yarda ki yi ƙaramin alheri don ki toshe bakin babban hakki. Mutane za su yaba miki, kuma yabon ne zai hana ki gyarawa.

Daga nan na shiga yawon tambaya irin na marasa gaskiya. Na je wurin Malam Tukur, limamin masallacin layinmu, na ce wani abokina ne ya buge kare a hanyar masallaci, ya ji tsoron alwalarsa da kayansa, ya wuce. Malam ya cire tabarau ya dube ni ya ce, "Malam Haruna, wa ya gaya wa abokin naka taɓa kare na karya alwala? A mazhabarmu kare mai rai ba najasa ba ne. Jini kuwa ai ruwa ke wanke shi, ko ya sake riga. In jam'i ya wuce shi wajen ceton rai, sai ya yi azahar ɗinsa. Ka ce masa ya daina ɗora wa addini abin da son riga ya sa shi." Shekara arba'in ina salla, ban taɓa tambaya ba. Abin da na ji a zaure ina yaro shi na riƙe, kuma ranar da ya yi min amfani sai na ɗauko shi.

Sai na je wurin Barista Sani, lauyan ma'aikatarmu, da labarin abokin nawa. Shi dariya ya yi. Ya ce, "Haruna, doka ba ta san najasa ba, dukiya ta sani. Kare dukiyar mutum ce kamar akuya." Ya ce direban da ya yi haɗari a titi, ko mutum ya ji wa ciwo, ko kaya ya lalata, ko dabbar wani ya buge, abu na farko ya tsaya. Ya ba mai abin sunansa da inda yake zaune da lambar motarsa. In bai ga mai abin ba, ya kai kansa caji ofis ya ba da rahoto, kada ya bari a kwana. Ya ce bugewar kanta sau da yawa tsautsayi ce, wani lokaci ma wanda ya saki dabbarsa a titi ne za a yi wa faɗa, a sasanta a kan magani ko abin da ya sawwaƙa. "Amma da zarar ya gudu, ya mayar da tsautsayi laifi. Abokin nan naka, da ya tsaya, da yanzu an manta." Ki riƙe wannan, ki kuma tabbata lasisinki da inshorar motar ba su ƙare ba, don mai tsoron takardunsa shi ke fara tunanin gudu.

Za ki ɗauka daga nan na je na gyara. Ina! Na yi ta cewa sai bayan Salla, sai an yi min ƙarin girma, sai yara sun tasa. Aka faɗaɗa titin Kubwa, aka sare yazawar, na sake mota sau biyu, na yi ritaya. Sai bara waccan, da Maman Chidi ke haɗa kaya za ta koma garinsu wurin ɗanta Chidi, na ga in ta tafi shi ke nan. Na shiga na same ta cikin kwalaye, na gaya mata. Ba ta yi kuka ba, ba ta zage ni ba, da ma zagin ta yi. Ta ce, "Ke? Shekara nawa muna cin abincin Salla da Kirsimeti tare?" Sannan ta ce, "Ba ni za ki ba haƙuri ba. Ni kare na rasa. Je ki nemo Isa, ki ce masa ni ma ya yafe min."

Na yi wata huɗu ina cigiya kafin wani tsohon direban ofishinmu ya ce ya gan shi a garin Uke, a bakin hanyar Lafiya. Na je da rana. Na same shi a ƙarƙashin wata 'yar rumfar kwano yana tsire nama, gemunsa fari fat, idonsa ɗaya ya yi yana. Yana ganina ya ajiye wuƙa ya ce, "Yallaɓai! Ashe rai zai sake haɗa mu." Ya share min benci da gefen rigarsa.

Na zauna, na yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe na ce, "Malam Isa, motar da ta buge karen nan, tawa ce."

Ya ci gaba da barbaɗa ƙuli. Ya ce, "Na sani, Yallaɓai. Ina bayan tebur ina ɗaura alwala. Na ga ka sauko da ƙafa, na ga ka mayar."

Ya ce, "Ranar da ka zo caji ofis, da na hango ka ta tsakanin ƙarafa, miƙewa na yi. Na ce wa na kusa da ni, ga shi nan ya zo ya gaya musu. Sai na ga ka ciro biro."

Na ce, "To me ya hana ka faɗa tun a layi? An tambaye ka wace mota ce."

Ya ce, "Na ɗaga kai zan faɗa. Sai ga Asma'u ta rugo daga gida ta kama hannunka, tana ɓoye fuska a rigarka saboda hayaniya. Na ce ba a bakina yarinyar nan za ta ji ba."

Ya ce ya yafe duniya da lahira, ni da Maman Chidi duka, kuma na yarda ya yafe. Ya naɗe min tsire a takarda, ya tambaye ni ko kin yi aure, na ce kina karatu tukuna. Na shiga mota na kamo hanyar gida. Shekarun nan duk da kika yi kina ganin babanki da mutunci, wani ne ya saya miki su da sunansa da sana'arsa, kuma bai taɓa zuwa ya ce a gode masa ba.

Uwata, in kin ji haushina kina da gaskiya, ki ɗauki lokacinki. Abin da nake roƙo shi ne, in kin idar da salla ki sa Malam Isa a addu'a kafin ki sa ni.

Allah ya kiyaye hanya, ya tsare gabanki da bayanki. Allah ya hana ki cutar da mai rai, babba ko ƙarami, in kuma tsautsayi ya gitta, ya ba ki ƙarfin zuciyar tsayawa. Allah ya yi miki albarka, ya dawo mana da ke lafiya. Babarki da ƙannenki suna gaishe ki.

Wassalamu alaikum.

Mahaifinki,
Haruna